Gurbin Auta

Auta na tsaye a bayan kantar shagon maganin da take aiki, tana ɗaure wa wata dattijuwa ƙwayoyin hawan jini, sai matar ta sauke tabarau ta ƙura mata ido.

"'Yata, ba ke ce kika zo tantancewar tallafin karatu na gwamnati ba? Wadda ta yi mana bayani kan maganin sikila?"

Sai a lokacin Auta ta gane ta. Ita ce shugabar kwamitin da ya yi musu tambayoyi.

"Ni ce, Hajiya. Allah bai yi ba, ban samu ba."

"Ba ki samu ba kamar yaya? Ke kika zo ta ɗaya. Janyewa kika yi, har haushinki na ji. Da na ga janyewar a shafinki na intanet ban yarda ba, na sa aka kira gidanku. Yayanki ya zo da ƙafarsa ya ce aure za ki yi, kin haƙura. Dole muka ba na bayanki, wani ɗan ajinku."

Ledar maganin ta suɓuce daga hannun Auta.

Mutum ɗaya ne daga ajinsu ya samu wannan tallafi na zuwa ƙasar waje, kuma shi ne wanda za ta aura. Gwani ake ce masa tun suna jami'a, duk da ba a taɓa yin jarrabawar da ya wuce ta ba. Tare suka nema. Shi ya buɗe mata shafin, shi ya riƙe kalmar sirrin, shi ya zo ya ce mata ya duba, babu sunanta. Ranar ta yi kuka har idonta ya kumbura, yana gefe yana lallashi. Da nasa ya fito daga baya, ita ta fi kowa murna.

Da yamma ya zo ɗaukarta kamar kullum, fuskarsa fal fara'a.

"Rabin raina, yau na karɓo biza. Ba za ki taya ni murna ba?"

Ta shiga motar ta rufe ƙofa a hankali.

"Yau na haɗu da shugabar kwamiti."

Hannunsa ya tsaya a kan makullin.

"Ta ce ni na zo ta ɗaya. Ta ce na janye. Yaushe na janye, Gwani?"

"Auta... bari in yi miki bayani..."

"Ina jinka."

"Ai duk ɗaya ne. Ni da ke akwai bambanci? In na samu, ke kika samu. Ki duba, in kika tafi kika bar ni shekara uku, wa ya san abin da zai faru? Tsoron rasa ki ne ya sa ni, wallahi."

"Amma kai ka tafi ka bar ni, wannan babu tsoro a ciki."

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"Da bakinka ka ce mini ƙaddara ce. Ka miƙo mini hankici ina share hawaye, kana kallona. Da ka roƙe ni, Gwani... na rantse da ka ce in bar maka, da son da nake maka zai iya sa in bar maka. Amma ka zaɓi ka sace."

"Ba ni kaɗai ba ne. Yayanki ma ya ga dacewar hakan."

"Na sani."

Ta zare zoben da ya sa mata ta ajiye a gaban motar, ta fita. Yana kiranta, ba ta waiwaya ba.

A gida ta tarar da Yaya a ɗakin Mama, ya kawo 'ya'yan itace kamar yadda yake yi duk ƙarshen mako. Tun da Baba ya rasu, Mama kuma ta samu shanyewar ɓarin jiki, Auta ce wanka, ita ce magani, ita ce juya ta a kan gado.

"Yaya, me na yi maka?"

Kallo ɗaya ya yi mata ya gane asiri ya tonu. Bai musa ba.

"Ke yarinya ce, ba za ki gane ba. Ki tafi wata duniya, wa zai kula da Mama? Ni ga aiki, matata ga yara. Shi kuma yaron nan ya yi alkawarin in an ɗaura aure zai bar ki a nan har ya dawo. Kowa ya huta."

"Kowa ban da ni."

"Me kuke cewa ne?" Muryar Mama ce, a hankali, harshenta na ɗan sarƙewa.

Auta ta durƙusa a bakin gadon ta faɗa mata komai. Mama ta daɗe tana kallon ɗanta, har ya sunkuyar da kai.

"Babba," in ji ta, "da sunana ka yi wannan?"

"Mama, don ke na yi..."

"Don kanka ka yi. Ka ji tsoron nauyina zai dawo wuyanka." Ta lalubo hannun Auta da hannunta mai lafiya. "Ni ban haife ki don ki zama sandata ba. Gobe ki je wajen matar nan ki faɗi gaskiya."

"Mama, za su ƙwace nasa. Sunan Yaya ma zai ɓaci."

"Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa. Kai kuma ka gyara mini ɗaki a gidanka."

Ta je. Aka yi bincike, aka gano daga wayar Gwani aka janye sunanta, aka soke nasa aka mayar mata da gurbinta. Mahaifiyarsa ta zo har gida tana cewa Auta ba ta da imani, ta kashe wa yaro rayuwa. Shi kansa ya yi ta kira, wani lokaci da roƙo, wani lokaci da baƙar magana, har ta rufe layin.

Ranar tafiya Yaya ne ya kai ta filin jirgi. Sai da ya sauke akwatin a bakin ƙofar shiga ya ce, "Auta, ki yafe mini."

Ta karɓi akwatin.

"A riƙa juya Mama sau da yawa, kada bayanta ya yi gyambo. Kuma ba ta son a ba ta abinci a baki a gaban yara."

"Auta..."

"Shi ke nan abin da zan iya ce maka yanzu, Yaya."

Ba ta yi kuka ba sai da jirgin ya ɗaga. Ta kifa fuska a jikin taga, hawaye na zuba. Ta yi na Mama, ta yi na Yaya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, duk da abin da ya yi mata, har da na Gwani a ciki.