Baƙin Kayan Daye Gulizar

Irmak ta zo Duhok, garin Kurdawa a arewacin Iraƙi, daga Turkiyya aikin sa kai a asibitin 'yan gudun hijira, da gargaɗin mahaifiyarta a kunne: kada ta yarda da Kurdawa, su suka kashe yayanta soja a duwatsu.

Ranar farko Zinar, tafintanta ɗan Kurdawa, ya miƙo mata shayi. Ta ce ta ƙoshi.

"Babu guba, likita. Sukari ne dai ya yi yawa."

Sai bayan wata biyu ta karɓa. Kafin shekara ya daina kiranta likita, ya kai ta gidansu da niyyar aure.

Mahaifiyarsa, Daye Gulizar, shekara tara ke nan tana cikin baƙaƙen kaya, tun da jirgin yaƙi ya kashe babban ɗanta wajen kiwo. Ba a buga gangar biki a gidan da uwa ke cikin baƙi, kuma ba ta cirewa sai an kawo mata yadi mai launi ta karɓa. Sau shida dangi suna kawowa, tana mayarwa.

Ta dubi Irmak, ta ce da ɗanta, "Yarinyar kirki ce. Amma daga ƙasarsu jirgin ya taso."

Irmak ta koma gida Turkiyya. Saƙonsa ya biyo ta, da kiran ƙauna irin na Kurdawa: "Hantata, ba zan tilasta mata ba, ke ma ba zan manta da ke ba. Ki riƙa cin abinci."

Ta amsa, "Tawa uwar ma ta ce sai bayan ranta. Kada ka jira ni."

"Ba jira nake ba. Zaune kawai nake."

Wata bakwai Irmak tana ramewa. Rannan mahaifiyarta ta tambaye ta, "Ɗan matar nan, shekararsa nawa da ya rasu?"

"Ashirin da biyu."

Bayan mako guda tsohuwar tana tsakar gidan Daye Gulizar riƙe da koren yadi, Zinar na fassara.

"Ban zo neman gafara ba, ban kuma yafe ba. Nawa ɗan ma ashirin da biyu ne. 'Yar nan kaɗai ta rage min."

Daye ta dubi baƙin kayan da ke jikinta. "Ke wa ya cire miki naki?"

"Ba wanda ya zo."

Daye ta karɓi yadin, ta ɗauko almakashi ta raba shi biyu, ta miƙa mata rabi.

Da bazara aka ɗaura auren. Iyaye matan biyu ba su shiga rawa ba. Gefe guda suka zauna, ba mai jin yaren wata. Allah ya ba amarya da ango zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda ba su ga ranar ba.