Takardun da Aka Shimfiɗa wa Kaji

Da la'asar sakaliya Kaka ta durƙusa a bayan kicin tana gyara akurkin kajinta, kamar yadda ta saba kowace Laraba. Ta kwashe takardun da suka jiƙe da kashi ta jefa a ramin takinta, ta shimfiɗa sababbi daga kwalin da ɗanta ya kawo. Ɗan nata akawu ne a ofishin gwamnati na sama wa mutane aiki, inda masu kamfani ke kawo buƙatar ma'aikata, marasa aiki kuma su cike takarda su manna hoto su jira kira. Kwali huɗu ya shigo da su gidan, ya ce shara ce. Kaka ba ta karatu, kuma a wurinta takarda mai kauri ta fi ƙarfin bola. Ƙananan hotunan da ke kusurwa dai takan kife su, don ba ta son ido yana kallonta.

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye tsakar gida. Kajin, da suka saba cacar baki kafin su hau kwana, suka yi tsit lokaci guda. Sai ga wani sauti daga falo, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga hatimi a kan tebur. Auta, jikarta 'yar shekara sha huɗu, ta ajiye littafinta, ta tashi ta zauna a bencin ƙofar ɗaki, gwiwa a haɗe, hannu a cinya.

"Lamba tamanin da ɗaya," in ji ta, da muryar da ba tata ba. Ta ɗan saurara. "Babu komai. A dawo Litinin."

Akawu, wanda shigowarsa ke nan yana cire takalmi, ya tsaya da ɗaya a hannu.

Daga ranar, kowace magariba sai abin ya dawo. Duwatsu suna faɗowa a kan kwanon rufin gidan, kowanne a naɗe cikin takarda mai hoto. Matar Akawu, uwar yarinyar, ta buɗe tukunya ta tarar da ƙananan ƙarafunan manne takarda suna yawo a saman miya. Wani wari ya zauna a falo, na tsohuwar takarda da kashin kaji, kuma Kaka ta gane da takaici cewa daga bakin Auta yake fita. Yarinyar ta daina ci. In an kai mata kwano sai ta ture, ta ce ba a kira lambarta ba tukuna. An kai ta asibiti, an auna jini, ba a ga komai ba. A kwana na tara wuyan hannunta ya koma kamar sillen kara.

"Fargabar jarrabawa ce, Inna," in ji Akawu, idonsa a ƙasa.

"Rufe mini baki. Jarrabawa ce ke jifan rufi?"

Kaka ta yafa mayafinta ta je ta ɗauko Malam da kanta, wani dattijo mai ƙarancin magana. Ya iso ana dab da faɗuwar rana, ya zauna a tabarma daura da bencin, ya fara karatu a hankali. Can sai kan Auta ya juyo, a hankali kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

"Ka karɓi lamba, Malam?"

"Ban zo neman aiki ba. Wane ne kai, me ya kawo ka gidan mutane?"

"A kwali aka kawo ni. Shekara sha tara ina zaune a ɗakin ajiyar ofishinsu, tsakanin kantocin takardu. Ban taɓa kowa ba. Takardun nan, ni kaɗai na taɓa karanta su."

Muryar ta ci gaba, ba ta ɗaga ba, ba ta sauka ba. Ta ce akwai mai walda da ya yi shekara sha ɗaya a sana'ar, ya cike takarda ranar Talata. Ranar Alhamis wata masana'anta ta aiko tana neman mai walda. Akawu bai tashi daga kujerarsa ya duba kantar takardu ba, sai ya latsa waya ya tura ƙanin matarsa, wanda ko ashana bai iya kunnawa da kyau ba. Ta ambaci direba, ta ambaci mai ɗinki, ta ambaci wata mata da ta yi wata bakwai tana zuwa da goyo. Da aka ji masu bincike za su zo duba takardun da ba a taɓa ba, sai Akawu ya kwashe su a bayan mota.

"Ku 'yan Adam kuke ce mana ƙazamai," in ji muryar. "Mutum ya ari riga ya je ya ɗauki hoto, ga fuskarsa can kaza tana kashi a kai."

Kaka ta dubi tafukan hannunta, sannan ta dubi ɗanta, wanda ta yi wa wanka ta goya, yana tsaye jikin bango yana zufa cikin farar rigarsa mai guga. Ta tofar da yawu gefe.

"Yarinyar ba ta da laifi," in ji Malam.

"Su ma ba su da shi. Za ta zauna a bencin nan iya zaman da suka yi, in an haɗa."

"Ba za ta kai ba, kai ma ka sani. Kuma zalunci ba ya wanke zalunci. Faɗi abin da za a iya."

Aka yi ta ja. Da Malam ya ɗaga karatu, jikin Auta ya ɗauki rawa, sai muryar ta sauko. A mayar da kowace takarda kantarta, har da na cikin rami. A kira kowane mai hoto da sunansa, a gwada shi da buƙatun da ke kan tebur. In an rasa ɗaya, aljanin zai dawo.

Washegari da sassafe Kaka ta miƙa wa ɗanta shebur ɗin da take kwasar taki da shi. Ya nemi safar hannu, ta ce ita ba ta taɓa sawa ba. Ya durƙusa a bakin ramin da wandon ofis, yana zaro takardu ɗaya bayan ɗaya, yana kankare kashi da tsutsa, yana kelaya amai a gefe. Matarsa tana gogewa da tsumma tana shanyawa a igiyar wanki. Kafin la'asar tsakar gidan ta cika da fuskoki suna lilo a iska. Guda ɗaya ce ta ruɓe, suna da lambar waya duk sun tafi. Hoton kawai ya rage, wani mutum mai furfura a gemu da tabo a gira.

Da magariba Malam ya nuna wa Auta hoton. "Ka ce ka karanta su duka. Wane ne wannan?"

"Na san shi. Amma ni ba ma'aikacin ofishinsu ba ne."

"Ni na shimfiɗa shi," in ji Kaka. "Ni zan nemo shi. Sakar mini jika."

Idanun yarinyar suka tsaya a kan Kaka na ɗan lokaci. Sai aka ji ƙwas guda ɗaya, ƙofar falo ta buɗe da kanta ta rufe. Auta ta sulale daga bencin ta faɗa jikin uwarta, ta ce da 'yar muryarta tana jin yunwa. A bayan kicin kaji suka soma kuka.

Tun daga ranar Kaka ta koma zama a ofishin. Takan isa kafin a buɗe ƙofa, ta karɓi lamba kamar kowa, ta zauna a benci na gaba da hoton a ƙulle a bakin mayafi, tana bin kowace fuska da kallo. Ta tagarsa Akawu yana ganinta, waya a kunne, yana kiran sunaye daga takardu masu rawayan tabo.

A mako na shida mutumin da ke hoton ya shigo, takalminsa ya cinye ta gefe guda. Kaka ta tashi ta kama hannun rigarsa, ta ja shi har gaban tagar.

"Baba, zo. Yau za a duba taka."

Mutumin ya ce shi makaniki ne, ya zo ne ko an samu wani abu. Akawu bai ɗago kai ba, bakinsa ya buɗe zai faɗi abin da ya saba, a dawo Litinin. Sai ya ga hannun uwarsa ya ajiye hoton a kan katakon tagar. Ya haɗiye maganar, ya ture kujerarsa baya, ya tashi ya nufi kantar takardu.