Lambar Buɗe Waya

Ranar da Auta ta fara shiga shagonsa, gilashin wayarta ya yi raga-raga, ita ma ranta a ɓace yake. Nas ce a wani ƙaramin asibiti, daga aiki ta biyo. Shi kuma mai gyaran waya ne, maƙwabta na kiransa Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana.

Ya karɓi wayar, ya manna 'yar farar takarda a bayanta, ya ɗauki biro.

"Lambar buɗewa fa?"

"Me za ka yi da ita?"

"Haka aikin yake. In na sa sabon gilashi sai na buɗe na gwada ko'ina yana taɓuwa. Ba na duba komai."

Ta ɗago ta dube shi kafin ta faɗa. Wannan kallon ne ya sa Injiniya, da bai taɓa kuskuren lamba ba, ya rubuta sau biyu yana gogewa.

Kafin wata ya zagayo saƙonni sun kankama.

"Sanyin idona, yau waya goma na gyara, tawa ce kaɗai ta ƙi yin ƙara. Ko an manta da ni?"

"Injiniyana, allura nake yi wa mutane. Ka yi haƙuri, ko in zo kai ma in yi maka."

Umma dai, mahaifiyar Auta, ba ta yi na'am ba. "Ga Likita yana gaishe ni har ƙasa, ke kuma kin liƙe wa mai kwance waya," in ji ta. Likitan nan saurayi ne a asibitinsu, mai mota da fara'a, in ana ruwa yakan rage wa nas-nas hanya. Sau biyu Injiniya ya ga Auta ta fito daga motar, sau biyun kuma bai iya cin abinci ba. Ana cewa kishi kumallon mata, amma wanda ya ga Injiniya a kwanakin nan zai san maza ma suna da nasu. Bai tambaye ta ba, sai cika yake yana batsewa.

Ana haka wayarta ta faɗa bokitin wanki. Ta kawo masa da safe ta wuce aiki. Ya kwance ta, ya busar, ya mayar. Da azahar ta kunnu, tana kunnuwa saƙo ya shigo daga Likita: "Na gode da jiya, ban san da me zan saka miki ba."

Auta ba ta taɓa canza lambar ba, yatsansa kuwa bai manta ba. Ya buɗe. Ya karanta na jiya, ya koma baya har wata shida. Babu komai sai jadawalin aiki, jiyan ma mahaifiyar Likita ta je ta sa wa ƙarin ruwa. Can ya ci karo da ranar da Likita ya nemi izinin zuwa gidansu, da amsar da ta ba shi.

Murna ce ta tona masa asiri. Da yamma tana shigowa ya tarye ta baki har kunne.

"Ashe har cewa kika yi kin riga kin ba wani alkawari?"

Auta ta tsaya cak. Maganar nan ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Ka karanta ke nan."

"Sanyin idona, ai ban ga komai ba. Na ma ƙara yarda da ke."

"Ni kuma na rage yarda da kai." Ta ɗauki wayarta. "Lambar nan don aiki na ba ka."

A gida shawara ta yi mata yawa. Umma ta ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ta rabu da shi ta kama Likita. Yayarta ta yi dariya ta ce, "Ke ba ki da wayo. Namijin da ba ya kishinki ai ba ya sonki. Ki bar masa lambar ku zauna lafiya."

Auta ta saurare su duka, amma zuciyarta ba ta kwanta da ko ɗaya ba. Tana son Injiniya, wannan ba ta da shakka. Sai dai ta san in ta yi shiru yau, ta sayi zaman da kullum za a bincike ta a wanke ta, gobe a sake. Ita ma kishin bai bar ta ba. Duk sanda ta tuna 'yan matan da ke jeruwa a shagonsa suna faɗa masa lambobinsu da murmushi, sai ya taso mata. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa bincika wayarsa ba.

Sati uku ba ta amsa kiransa ba. Saƙo ɗaya kawai ta karanta har ƙarshe: "Ba ni da hujja. Na ci amana a aikina, na ci taki. Ko ba ki dawo ba, kin yi gaskiya."

Ranar da ta koma shagon ta tarar yana miƙa wa wata dattijuwa waya. "Mama, ki buɗe da hannunki, in gwada a gabanki." Ya daina karɓar lambar kowa. Ya rame, har ta ji tausayinsa, amma ta danne.

"Ba zan bar aikina ba, ba zan daina gaisawa da Likita ba," ta ce. "In abu ya dame ka, ka tambaye ni baki da baki, zan gaya maka gaskiya. Amma ranar da ka sake bin bayana, ko da 'ya'ya goma ne tsakaninmu, ka san sauran."

"Na ji, na yarda. Amma kishin nan fa ba zai tafi ba."

"Ban ce ya tafi ba. Nawa ma yana nan. Riƙe shi za ka koya."

Da ƙafarsa ya je ya durƙusa gaban Umma ya faɗi laifinsa, bai rage komai ba. Umma ta ce mai iya tona kansa haka ba za a rasa alheri a wurinsa ba.

Ranar aurensu Likita ya zo da kyauta a naɗe, ya yi wa amarya murna, ya ɗan daɗe yana yi. Kunnuwan ango suka yi zafi. Bayan ya wuce, Injiniya ya sunkuyo.

"Amarya, ina da tambaya."

"Ina jin ka."

"Me ya ce miki har kika yi dariya?"

"Cewa ya yi in kula da kai, ya ga jininka ya hau."

Ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Umma ta haɗa hannuwansu ta ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ku riƙe amanar juna." Duka ɗakin aka amsa da amin, ta ango ta fi ta kowa ƙarfi.