Gangaren Gonar Inabi

Burkin baya ne ya ƙi ci a tsakiyar gangaren. Tsakuwa ta zame a ƙarƙashin tayar, keken ya yi gefe guda, Ummulkhair kuma ta afka cikin layin shukar inabi, ta karya sanduna biyu, ta tsinke tiyon ban-ruwa. Ruwa ya yi tsiri ya jiƙa mata hijabi har cikin hular kwano.

"Innalillahi! Shukata!"

Da Hausa aka faɗa, a nan bayan duwatsun Hatta na ƙasar Larabawa, inda ba ta taɓa zaton jin Hausa ba. Wani dogon saurayi mai malafa ya taho da gudu, ya wuce ta, ya durƙusa gaban itacen inabin yana tallafe da reshensa.

"Malam, mutum ne fa ya faɗi," ta ce, tana duba gwiwarta da ke zubar da jini.

"Na gani, ai ga shi kina magana. Wannan kuwa shekara uku ina lallaɓa shi a cikin zafin ƙasar nan."

"Hanyar kowa ce."

"Hanyar gona ce. Ga allo can, ko gudun bai bar ki kin karanta ba?"

Sunansa Zainul Abideen, mutumin Kura. Noma ya karanta, wani Balarabe ya ɗauko shi ya kula masa da gonar inabi a kan tuddan nan. Ita kuwa gashin ƙashi take yi wa marasa lafiya a wani asibiti a unguwar Deira, tana zaune da iyayenta a unguwar Abu Hail. Duk Asabar da sassafe takan ɗora kekenta mai faɗin taya a mota, ta bi ƙungiyarsu ta masu keke zuwa Hatta, su yi ta hawa da sauka a hanyoyin tsakuwa.

Sai da ya sa ta riƙe tiyon ya ɗaure, sannan ya ajiye mata auduga da magani a kan dutse ba tare da ya dube ta ba. Ya ja keken ya gyara burkin, yana yi yana tsaki.

"Ba ni lambarka," ta ce. "Wallahi sai na kai ƙararka wurin mai gonar nan."

"Rubuta. In kin gama in ƙara miki da tasa."

Da yamma saƙonta ya shiga wayarsa: "Ban taɓa ganin mara tausayi irinka ba."

Amsa ta zo nan take: "Ni ma ban taɓa ganin mara burki irinki ba. Ki wanke ciwon da ruwan ɗumi."

Asabar ta gaba ta tarar ya kafa ƙofar waya a bakin hanyar. Ta ɗaga keken ta tsallaka da shi, a kan idonsa. Ya yi faɗa, ta rama. Ta hango wani tsohon keke jingine da ɗakin ajiya, ta ce ko masu gwangwan ba za su kalle shi ba. Ya jawo shi ya hau, ya ce ta biyo shi zuwa kan tudun da tankin ruwa yake. Ya riga ta da nisa. Ta iso tana haki, ta same shi a zaune.

"Kina cika ƙarfi a farko," ya ce. "Tudu ba ya son fushi."

"Wa ya tambaye ka?"

Amma ta zauna. Daga can sama layukan inabi sun kwanta kore shar a jikin jan dutse, har zuwa ƙasan kwari. Ya nuna mata yadda ake datse reshe a bar idon tsiro biyu. Ta ce hannunsa ya fi bakinsa ladabi.

Haka suka yi wata uku, kullum da abin da za su yi wa musu. Ba ta san ranar da ta fara duba wayarta tana jiran saƙon rashin mutuncinsa ba.

Fahad ne ya fara lura. Shi ne shugaban ƙungiyar masu keken, ɗan aminin mahaifinta, kuma ya daɗe yana ɗaukar cewa maganar aurensu a gama take.

"Me kike tsayawa yi wurin lebura?" ya tambaye ta.

"Ba lebura ba ne. Ko da shi ne, ina ruwanka?"

Wata Lahadi, bayan Asabar ɗin da ba ta je Hatta ba, sai ga saƙon Zainul Abideen da hoto: an yanke ƙofar waya, layi biyar na inabi a kwance, sawun tayoyin keke ta ko'ina, ga 'ya'yan da suka fara ƙosawa a murƙushe.

"Na ɗauka faɗanmu wasa ne. Ashe ke da gaske kike. Kada ki ƙara taka gonar nan."

Ta kira, ya kashe. Ta sake kira, ya toshe. Ranar ko abinci ba ta ci ba, fushi da kuka suka haɗu mata wuri ɗaya. Can ta tuna manhajar da 'yan ƙungiya ke amfani da ita, wadda take zana duk hanyar da mutum ya bi da kekensa. Ta buɗe shafin Fahad. Ga jan layi nan ya shiga gonar, ya yi kai da kawowa sau biyar.

Washegari bayan ta tashi aiki ta tuƙa mota har Hatta. Ta same shi yana ɗaure rassan da suka tsira. Ta miƙa masa wayar.

Ya daɗe yana kallo. Ya cire malafarsa.

"Ummulkhair, na zalunce ki."

"Ka zalunce ni. Wata uku ba ka san ni ba?"

"Abin da ya sa ya yi min zafi ke nan. Da wani na zarga, da tuni na yi barcina. Ki yafe min, Khairi."

"Kada ka ƙara kira na haka," ta ce, ta juya. Sai da ta kai mota ta tura masa: "Ka buɗe lambata, manomin banza."

Ya amsa: "Na buɗe, habibti, abar ƙaunata. Zan iya zuwa gaida Baba?"

Ta fita daga ƙungiyar, ta kuma gaya wa Fahad dalili a gaban kowa. Shi kuwa ya riga ta zuwa shagon mahaifinta Alhaji Sabo a kasuwar Al Sabkha, ya cika masa kunne. Alhaji dama ya tsani keken nan tun shekarar da ta karye a kafaɗa. Ya ce duk mai son 'yarsa sai ya yi alkawarin raba ta da shi. Fahad ya yi alkawari tun kafin a rufe baki.

Ran da Zainul Abideen ya zo falon Abu Hail, Ummulkhair tana bayan labule tare da mahaifiyarta, Hajiya Wasila.

"Kai ne mai yi wa 'yata tsawa a daji?" Alhaji ya fara, ko gaisuwar bai gama amsawa ba.

"Ni ne, Baba. Na yi kuskure."

"Za ka hana ta hawa keken?"

Zainul Abideen ya sunkuyar da kai. "Baba, ba zan iya yi maka alkawarin da na san zan karya ba. Abin da zan iya, kullum za ta hau ni zan duba burkin, kuma ina bayanta."

"Khalas, ya isa! Tashi ka ba ni wuri."

Ummulkhair ta bi ƙofa za ta fita, Hajiya ta riƙe mata hannu. Kwana goma gidan ba daɗi. Ummulkhair ba ta magana sai gaisuwa, Alhaji kuma ya sa an kulle keken a sito.

A rana ta goma sha ɗaya Hajiya ta ajiye masa shayi, ta zauna.

"Alhaji, yaron da ya yi maka alkawari shi ne shugaban masu keken, shi ne kuma ya tattake gonar mutane. Wanda ka kora shi kaɗai ya gaya maka gaskiya a fuskarka. Wanne za ka iya ba wa ajiya?"

Alhaji ya ture shayin, ya tashi ya fita. Amma ranar Asabar ya ce da 'yarsa, "Yalla, maza ɗauko abin naki. Zan ga dajin da idona."

Ya tsaya a bakin gonar da babbar rigarsa, fuska a murtuke. Ya ga Zainul Abideen ya durƙusa ya matsa kowane burki, ya taɓa kowace taya. Ya ga 'yarsa ta hau tudun tankin ruwa, tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashinta, tana dariyar da ya daɗe bai ji ba. Saurayin yana biye, bai wuce ta ba ko sau ɗaya.

Da suka sauko Alhaji ya harare shi. "Har yanzu ba na son abin nan."

"Na sani, Baba."

"Ka turo manyanka."

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a a wani masallaci a Abu Hail. Baffan ango ya zo daga Kura, 'yan kasuwar Al Sabkha suka cika harabar. Da za a tafi da amarya, a falon gida Alhaji ya kama hannun angon ya riƙe gam.

"Ita kaɗai gare ni. Bakinta da kaifi, amma zuciyarta fara ce. Ka yi haƙuri da ita."

"Abba, ni za ka ce in yi haƙuri da shi," ta faɗa daga cikin mayafi, tana kuka.

Falon ya ɗauki dariya, har da Alhaji, yana share ido da hannun riga.

"To ku yi haƙuri da juna," ya ce. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Kowa ya amsa da amin.