Tabaran da Ya Ƙi Washewa a Falon Baba

Tun ranar da ya jingine kekensa a ƙofar shagon tabarau ya shigo yana ɗigar da gumi, Auta, ma'aikaciyar shagon, ta san mutumin nan zai ɓata mata rai. Awa guda cur yana gwaji. Wannan ya yi duhu, wancan yana zamewa a hanci, wani kuma wai iska tana shiga ta gefe.

"Malam, me kake nema ne takamaimai?"

"Da sassafe nake hawa titi, ba na dawowa sai rana ta take, kuma ba na ganin nesa. Ina son wanda zan ga rami a inuwa, in ga mota a rana."

"To ai da ka faɗa tun ɗazu!"

Ta ciro masa mai bin haske, wanda yake yin baƙi a rana ya washe a inuwa. Iri biyu ne, mai saurin washewa da mai duhu sosai. Ta zaɓa masa mai duhun, don ta ga yadda rana ta mayar da idonsa jajur.

Sau huɗu Mai Keke yana dawowa da ƙorafin ƙarya. A na biyar ta ce, "Lafiyar tabaran nan ƙalau."

"Na sani, Likitata. Mai shi ne ba lafiya."

Haushin kanta ya kama ta, don ta kasa ɓoye murmushi.

A gida kuwa Umma ta riga ta ƙyalla ido kan wani mai kemis, ga mota ga ladabi. Da ƙyar Auta ta shawo kan Baba, tsohon hedimasta mai tsantseni, ya yarda Mai Keke ya zo gaisuwa.

Sai bawan Allah ya taho a kan keke da tsakar rana, ya shige falo kai tsaye, tabarau baƙi ƙirin. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya waiwaya, ya ce, "Baba, an ɗauke wuta ne?"

Fitila biyu na ci! Baba bai bari ya yi minti biyu ba ya sallame shi.

"Yaron da zai gaishe ni da baƙin gilashi, har ya yi mini ba'a a ɗakina? Ranar Asabar iyayen mai kemis su zo."

Auta ta rubuta masa a waya: "Ka kashe mu. Ko cire shi ba za ka iya ba?"

Ya amsa: "Likitata, wallahi na manta yana fuskata. Kuma ke kika zaɓa min mai jinkirin washewa."

"Au, ni ce ma mai laifin? Sai anjima."

Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba. Ta yi kuka, ta yi tsaki, ta sake yin kuka, abin takaicin kuma ta san gaskiya ya faɗa.

Ranar Alhamis ta taho da irin tabaran daga shago. Ta tarar da Baba a tsakar gida, ta durƙusa.

"Baba, don Allah ka sa wannan, ka ɗan tsaya a rana."

Ya harare ta, amma ya sa. Ta ja hannunsa zuwa falo, ta miƙa masa madubi. Baba ya laluba kujera, ya dubi fitila, ya dubi madubi. Can ƙwayar idonsa ta fara bayyana a hankali.

"Wa ya zaɓa wa yaron nan wannan abu?"

"Ni ce, Baba. Kuma shi nake so."

Baba ya cire tabaran. "Ashe zalunci na yi. Ce masa ya dawo. Ummanki kuma ki bar ni da ita."

Ta rubuta: "Mai Kekena, ka yafe min. Gobe Baba na jiranka. Ka tsaya minti biyar a inuwa kafin ka shigo."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannun ango.

"Ga Autata nan, amana. Ba ta iya zaɓen tabarau ba, amma miji kam ta iya. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya."