Dikodar Mutanen Kufai

Ku matso kusa, jikokina. Sunan garin ya ɓace mini, shekarar ma haka. Tsufa ya ci gefen labarin yadda gara ke cin takarda. Amma mutumin na riƙe shi: Sallau, mai gyaran dikoda.

A lokacin kamfanin tashoshi ya daina ba da kati. Makullin ya koma manhaja, tana saukowa da kanta cikin akwatin dikoda. Sallau kuwa yana da filash, ɗan abin da ake sokawa a jikin dikoda, mai karya ta. Dokarsa ɗaya ce: in lamba ta fara hawa a allo, ba a zare filash ko gobara ake yi, don akwatin mutuwa zai yi.

Wata Laraba, rana tsaka, wani dogon mutum ya tsaya a ƙofar shagonsa.

"Kai ne mai buɗewa?"

Leɓensa ya gama motsi, sannan muryar ta iso, kamar tashar da siginarta ta yi rauni. Sallau ya lura. Duk da haka ya ɗauki jakarsa.

Suka bi hanyar kufai, tsohon garin da aka watse aka bari. Gida ɗaya, ɗaki ɗaya, talabijin a ƙasa. Ba lantarki, ba janareta, amma allon a kunne.

Ya soka filash, lamba ta fara hawa. Goma. Ashirin.

"Wace tasha kake so, ranka ya daɗe? Ƙwallo?"

"Ba ma kallo. Shiga muke yi."

Arba'in.

"A da, ta wayar nan muke shiga ɗakunanku," in ji dogon. "Sai aka saukar da sabon makulli, aka bar mu a waje. Yaranmu na jin yunwa."

Saba'in. A gilashin allon Sallau ya hango bayansa. Ɗakin da ya tarar ba kowa ya cika maƙil. Sun jeru, bakuna a buɗe. Sai hoto ya fito: ɗakinsa ne, ga matarsa Ladiyo tana shayar da jaririyarsu a gaban talabijin.

Casa'in da huɗu.

Ya yi bisimilla, ya fizge filash ɗin.

Akwatin ya yi kururuwa kamar akuya a hannun mahauci. Dogon ya cafki hannunsa ya murɗe, ƙashi ya ce ƙas. Ya kai baki ya datse yatsu uku, kamar mai gutsurar rogo. Aka maka Sallau da bango, aka ɗaga shi aka sake makawa. Farata suka tsaga bayansa. Da rarrafe ya fita, yana jan Ayatul Kursiyyu da baki cike da jini.

Masu itace ne suka tsince shi bayan la'asar, filash ɗin na damƙe a yatsu biyun da suka rage.

Don haka kada ɗayanku ya bi hanyar kufai shi kaɗai da rana tsaka, ko wa ya kira shi.

Bayan shekaru yawo ya bi da ni ta wurin. Ba gida, ba bango. Waya ce kawai baƙa ta fito daga ƙasa. Na sa hannu na taɓa ta. Da ɗuminta.