Akwati na Bakwai a Rufin Baba Hidayat

A kan rufin mahaifinta Didar ya fara ganin Sitara, ranar da ya hau ɗaura akwatin gargaɗi. Ta miƙo masa shayin gishiri, sukurun hannunsa ya faɗi ƙasa.

Akwati goma sha biyu ya jera daga tafkin ƙanƙarar da ke saman kwarin Hunza zuwa jiniyar gari, kowanne na miƙa wa na gabansa saƙo. In ɗaya ya mutu, labarin tafki ya yanke. Na bakwai ne a rufin Baba Hidayat, mahaifin Sitara.

Da maganar aure ta taso, Baba Hidayat ya ce, "Mai hawa rufin mutane? Ga Sherbaz ɗan ƙanena da motarsa. Kar ka sake taka min gida." Sherbaz kuwa ya raɗa wa Sitara cewa rufin gidansu Didar yake so, ba ita ba. Ta daina amsa waya.

Ran wata Laraba da hantsi, a tsakiyar zafi, Didar na gefen tafki yana kallon ruwa na cin bangon da ya tare shi. Ya duba, na bakwai shiru! Tafiyar awa uku ce zuwa gari. Ya ciro waya ya rubuta wa Sitara:

"Tauraruwata, na bakwai ya mutu. Tafki zai ɓalle, jiniya ba za ta ji ba. Don Allah hau rufi."

"Ka gani? Rufin dai."

"Ki ƙi ni gobe, na yarda. Baba yana ina?"

Baba na gona a bakin rafi, kuma shi bai san riƙe waya ba.

Ta hau rufin a guje. Wayyo! Ashe Inna ta ga farantin sola ya fi ko'ina zafi, kwana tara tana shanya 'ya'yan itacen afirkot a kansa. Batir ya mutu murus. Sitara ta watsar da abincin hunturun, Inna na salati.

"Na share, bai kama ba! Didar, na shiga uku!"

"Ciro batirin fitilar ɗaki. Ja da ja, baƙi da baƙi. Kar ki tsaya, rabin raina."

Ta haɗa tana kuka. Ƙaramar fitila ta yi kore, bakwai ya ji shida, jiniya ta tsage kwarin.

Baba ya kai tudu da takalmi ƙafa ɗaya. Da ya waiwaya, babu gona, sai laka da duwatsu.

Da la'asar Didar ya iso, ya toge a bakin ƙofa.

"Me kake yi a nan kamar baƙo?" in ji tsohon. "Shigo, ɗana."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, kar ya yanke tsakaninku." Inna ta share hawaye ta ce amin, amma fa sai ango ya gina mata wurin shanya.